Tiyo da Baki ko Famfon Batir: Wanne Ya Fi Dacewa da Jarkar Fetur?

A Katsina, litar fetur takan sauya mazauni sau biyu ko uku kafin ta ƙone. Daga gidan mai ta shiga jarka, daga jarka ta koma galan ɗin ɗan bumburutu, daga nan ta faɗa tankin babur, ko janareton mai shagon caji, ko injin ban-ruwan manomin rani a bakin madatsar Ajiwa ko ta Jibiya. Wannan juye-juye ya ƙaru tun watan Nuwamban 2019, lokacin da Hukumar Kwastam ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen bakin iyaka suka koma ɗauko shi daga nesa. Sai kuma ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi: litar da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Man da ya yi irin wannan tsada ba wanda zai bar shi a tankin motar da ta kwanta a gareji. Dole a zuƙo shi. Yadda za a zuƙo shin ne abin dubawa, domin hanya biyu ce a hannun mutanenmu: tsohuwar da muka gada, da sabuwar da makanikai ke haɗawa da kansu.

Tsohuwar kowa ya san ta. Maigidan gareji ya ce, “Kai yaro, kawo tiyo ka zuƙo mana man nan.” Yaron ya ce, “To, Oga,” ya zura tiyo cikin tanki, ya tsuguna, ya kafa baki a ɗaya ƙarshen ya ja da ƙarfi sau biyu ko uku. Da man ya taso sai ya fizge tiyon ya cusa a jarka, ya juya gefe ya tofar, idanunsa sun kaɗa sun yi ja, yana goge leɓe da gefen riga. Daga nan nauyin man ne ke ƙarasa aikin, muddin bakin tiyon da ke jarka yana ƙasa da man da ke tanki. A gaskiya hanyar tana da abin yabo. Ba ta cin ko sisi, ba ta buƙatar batir, babu wayar da za ta yi tartsatsi a cikinta, kuma da tiyo mai ɗan kauri ana cika jarka cikin 'yan mintoci. Iyakarta biyu ce. Ba ta hawa tudu, wato ba za ta ɗaga mai daga jarkar da ke ƙasa zuwa tankin tirela ba. Sannan motocin zamani da yawa an sa musu wani makari a wuyan tanki, tiyo ya shiga ya tokare bai taɓa man ba.

Kuɗin da ba a biya ba a aljihu, huhu ne ke biyan shi. Fetur ruwa ne mai tsinkakken jiki, saurin bazuwa gare shi. In ya sauka ciki yakan ƙona maƙogwaro ya sa tashin zuciya, amma babbar ɓarnarsa ita ce in ya sarƙe mutum ya bi ta hanyar numfashi. Ɗan kaɗan ya isa ya kumbura huhu, kuma alamun ba sa bayyana duka nan take. Yaro zai yi tari, a ce masa, “Sha ruwa, zai wuce,” ya ci gaba da aiki, sai cikin dare zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Abin da aka saba yi a unguwa, a ɗura wa mutum manja ko madara, ko a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, ƙara dagula lamarin yake yi, domin amai hanya ce ta biyu da man zai sake samu ya faɗa huhu. Wanda fetur ya sarƙe asibiti za a kai shi, Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ba tare da jiran gari ya waye ba. Ga kuma sinadarin benzin da ke cikin fetur, wanda likitoci suka daɗe da tabbatar da cewa yawan shaƙarsa na jawo kansar jini. Abin da ya fi ci mini rai a wannan hanya shi ne wanda ake ɗora wa ita. Da wuya ka ga maigida ko mai mota ya kafa bakinsa a tiyo. Ƙaramin yaron gareji ne, wanda iyayensa suka kawo shi koyon sana'a.

Sabuwar hanyar dabara ce mai kyau, kuma ina jinjina wa waɗanda suka fara tunaninta. Ana samo tsohon famfon mai na cikin tankin mota, irin na Golf ko Corolla, daga wajen masu sayar da kayan gyara. A bar masa 'yar rariyarsa ta ƙasa mai tace datti, a ɗaura masa tiyo a bakin fita, a ja masa waya biyu zuwa batir mai bolt 12, na mota ko na babur. A tsoma shi cikin jarka ko duro, a ba shi wuta, sai ka ji yana ƙugi a hankali, mai na hawa. Yana tura mai sama, yana tace shi, ana tsayar da shi daidai inda ake so, kuma babu bakin kowa a ciki. Sai dai ba shi da sauri, don an ƙera shi ne ya tura mai da matsi zuwa inji, ba ya kwashi mai da yawa ba. Irin na ƙananan motoci bai cika wuce lita biyu a minti ba, saboda haka jarka mai lita 25 za ta ci kusan kwata na awa. Kuma man da yake ciki shi ke sanyaya shi. In aka bar shi yana juyi a busasshiyar jarka, ba zai daɗe ba zai mutu.

Matsalarsa wuta ce. Mutane kan ce, ai a cikin tankin mota yake zaune shekara da shekaru bai taɓa tashi ba. Haka ne, amma dalilin shi ne cikin rufaffen tanki tururin fetur ya cika wurin har iskar da wuta ke buƙata ta yi ƙaranci. A fili lissafin ya juya. Fetur ba ya kama wuta sai tururinsa ya gauraya da iska daidai gwargwado, tsakanin kashi ɗaya da rabi zuwa kashi bakwai da 'yan kai cikin ɗari, kuma bakin buɗaɗɗiyar jarka nan ne ake samun wannan gwargwadon. Tururin ya fi iska nauyi sau uku ko fiye, ba ya tashi sama, ƙasa yake bi yana malala zuwa kwata da ramin gareji da ƙarƙashin mota. A zafin Afrilu na Katsina, da ma'auni kan haura 40, jarka na fitar da shi ba ƙaƙƙautawa. To a irin wannan wuri ne za ka ga an ajiye batir dab da jarka, an murɗe waya da haƙori an naɗe da leda, mutum ya riƙe tsiraicin waya yana dangwala ta a kan batir a maimakon makunni. Kowace dangwala tartsatsi ce. A ranar 18 ga Janairun 2025, a mahaɗar Dikko da ke Jihar Neja, rahotanni sun nuna wuta ta tashi ne a lokacin da ake juye man tankar da ta faɗi zuwa wata da taimakon janareto, mutum fiye da 80 suka rasu, wata uku kacal bayan wata gobarar tankar mai a Majiya ta Jihar Jigawa. Tanka ba jarka ba ce, amma tururi da tartsatsin iri ɗaya ne.

Idan aka ɗora su a sikeli, tiyo da baki cutarsa tabbas ce, a hankali take ci, kuma mutum ɗaya take ci. Famfon da aka haɗa da ganganci yakan yi wata da watanni lafiya, ranar da zai yi ɓarna kuwa har maƙwabta sai sun shaida. Duk da haka ni famfon na zaɓa, domin aibinsa yana gyaruwa, na baki kuwa ba ya gyaruwa. In ba a gyara ba, an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Gyaran kuma ba wani abu ne mai wuya ba. Wayar ta yi tsawo, taku biyar ko shida, yadda batir da makunni za su zauna nesa da man, a kan benci, ta ɓangaren da iska ke fitowa. A sa fiyus kusa da batir. Mahaɗin waya a like shi da dalma, kada a bar shi yana lilo. A haɗa komai tukuna kafin a buɗe jarka, a kuma rufe ta kafin a cire. Famfon ya kasance wanda aka yi domin fetur, ba ɗan famfon ruwa na sola ko na wankin gilashin mota ba, don waɗannan robarsu narkewa take yi, injinsu kuma yana tartsatsi a fili. Jarka ta zauna a ƙasa, ba a but ko bayan a-kori-kura ba, musamman lokacin hunturu da busasshiyar iska ke tara lantarki a jikin roba. Bokitin yashi ya kasance kusa, domin ruwa watsa wutar fetur yake yi.

Man dizal kuwa babu ma gardama a kansa. Ba ya fitar da tururi mai kamawa sai ya ɗumama ya wuce maki 50, saboda haka mai tarakta ko babban janareto da ke juye duro ba shi da hujjar sa yaro ya zuƙa.

Akwai kuma inda ba a buƙatar batir ɗin ma sam. In tanki yana sama jarka tana ƙasa, 'yar robar nan da ake matsawa da hannu, wadda ake sa wa a tsakiyar tiyo, ta isa ta taso da man, haka ma tiyo mai ƙwallo a baki da ake jijjigawa har man ya hau. Masu sayar da mai a bakin titi daga Ƙofar Ƙaura zuwa hanyar Jibiya, yawancin aikinsu wannan zai yi musu. Famfon batir a bar shi ga gareji da masu manyan motoci, kuma can ma ƙungiyar makanikai da sashen injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman za su iya fitar da tsari guda da kowane mai wayarin zai bi: tsawon waya, girman fiyus, irin tiyo. Kuɗin wayar da makunnin da fiyus ɗin gaba ɗaya bai kai na cika jarka ɗaya ba, kuma mai wayarin da ya san aikinsa zai haɗa shi tsakanin azahar da la'asar.