Yadda Ake Ɗibar Samfuri da Ƙuri'a



Kowace shekara da kaka, ƙungiyoyinmu na gama kai sukan so su san buhu nawa aka samu, domin a san takin da za a nema da bashin da za a iya biya. Amma ƙungiyar da take da gonaki 200, masu su suna zaune a Tudun Wada, gonakin kuwa suna warwatse a bayan gari, ba za ta iya auna kowace gona ba. Tilas a auna kaɗan, a ƙiyasta sauran. Waɗannan kaɗan ɗin su ake kira samfuri. To, wa zai zaɓe su?

An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne, sai dai ido yana da son zuciya. In an bar wa magatakarda zaɓi, ƙafarsa za ta kai shi gonar bakin hanya, da ta shugaba, da wadda ta yi kyau. Sai lissafi ya kumbura, ƙungiya ta ci bashi a kan amfanin da babu shi. Ranar biya kuwa, mai ƙaramin ƙarfi shi zai sayar da irinsa ko akuyarsa.

Yawan waɗanda aka tambaya ba ya maganin wannan. A shekarar 1936, wata mujalla a Amurka mai suna Literary Digest ta sami amsar mutum fiye da miliyan 2 a kan zaɓen shugaban ƙasa, ta ce Landon ne zai ci. Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ta ɗebo sunaye da yawa daga jerin masu wayar tarho da masu mota, talakawa ba su shiga sosai ba.

Maganin shi ne ƙuri'a, wato a ba kowace gona dama daidai da 'yar'uwarta. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A Littafin Ƙidaya sura 26 an umarta a raba ƙasa ga kabilan Isra'ila ta hanyar ƙuri'a. Ga hanyoyi uku.

1. Ƙuri'ar ƙwarya. A rubuta sunan kowace gona a 'yar takarda, girmansu ɗaya, a naɗe, a zuba a ƙwarya, a gauraya. Yaro ya ciro 20 a gaban jama'a.

2. Ƙuri'ar tsallake. In sunaye 200 suna cikin littafi, ana son 20, a jefa ƙuri'a tsakanin 1 da 10. In 7 ta fito, a ɗauki na 7, na 17, na 27, har ƙarshen littafi.

3. Ƙuri'ar kashi-kashi. In gonaki 150 na tudu ne, 50 na fadama, a raba ƙwarya biyu. A ciro 15 daga tudu, 5 daga fadama. Haka ma za a iya yi domin kada gonakin mata su sha ruwa.

A cikin gonar ma ido ba zai zaɓi wuri ba. A ƙidaya takun tsawonta da na faɗinta, a ciro lamba ɗaya ga kowane, inda suka haɗu a kafa turke. A auna mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, a girbe, a shanya, a sussuke, a ɗora a sikeli. Hekta ɗaya ta ninka wannan fili sau 100. In an sami kilo 12, hekta ta ba da kilo 1,200 ke nan, wato buhu 12 masu kilo 100. A haɗa na gonaki 20 ɗin, a raba gida 20.

Doka ɗaya ce ba a karya ta: abin da ƙuri'a ta fitar ba a musanya shi. Ko ƙuduji ya cinye gonar, ko tana ƙetaren rafi, a je a auna. Ita ce take magana a madadin sauran gonakin da suka lalace.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce a ƙasarmu. Da aka fara ayyukan raya noma na Funtua da Gusau da Gombe a 1975 da taimakon Bankin Duniya, an kafa ofishin APMEPU a nan Kaduna domin bin diddiginsu. Ma'aikatansa ba su auna gonar kowa da kowa ba, samfurin manoma suka riƙa bi.

Haka kuma wajen sayen iri. Bakin buhu ba ya faɗin abin da ke gindinsa. A fid da buhuna da ƙuri'a, a ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasa, a gauraya, a ƙirga ƙwaya 100, a shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Bayan kwana 7 a ƙirga waɗanda suka tsiro. In 60 ne kawai, a mayar wa mai shi tun kuɗi bai fita ba.

Muna roƙon shugabanni su sa wannan magana cikin taron ƙungiya kafin girbi, a yi ƙuri'ar a fili bayan sujada, kowa yana gani. Allah ya ba mu kaka mai albarka.