Madhuri a Amurka: Shekaru 12 babu mai riƙe mata jaka

Duk wanda ya yi zamani da kaset ɗin bidiyo ya san Madhuri Dixit. Ita ce ta "Ek Do Teen" a Tezaab na 1988, ita ce ta Dil, Beta da Khalnayak, sannan ta zo ta rikita duniya tare da Salman Khan a Hum Aapke Hain Koun a 1994. Ana tsakiyar yayinta, a Oktoba 1999, sai kawai aka ji ta yi aure. Angon ba ɗan fim ba ne, ba kuma furodusa ba. Likitan tiyatar zuciya ne ɗan asalin Indiya da ya tashi a Amurka, Dakta Shriram Nene. Ta tattara ta bi shi, kuma ba ta dawo Mumbai da zama ba sai a 2011.

Abin dariyar ma shi ne, bawan Allah bai san wa ya aura ba. Ba ya kallon fim ɗin Indiya. Madhuri ta sha ba da labarin cewa a walimar bikinsu, duk manyan taurarin da suka cika wurin, Amitabh Bachchan kaɗai ya iya ganewa.

Mafi yawan shekarun sun yi su ne a Denver, babban birnin jihar Colorado, gari mai tsananin sanyi da ƙanƙara a gindin duwatsun Rocky. A nan ne sarauta ta faɗi. A Mumbai tun tana 'yar shekara 17 take fim, kuma kullum da jama'a a kewaye da ita: direba, mai kwalliya, mai gyaran gashi, sakatare, ga iyayenta da ke raka ta lokeshin. A Denver babu ko ɗaya. Ita ce shara, ita ce wanke-wanke, ita ce tuƙi. Ta ce da asuba take tashi, wajen biyar da rabi, ta haɗa wa maigida kalaci kafin ya wuce asibiti. Da aka haifi yara biyu maza, a 2003 da 2005, sai aikin ya ninku.

Ranar farko da ta shiga babban kanti yin cefane, in ji ta, gabanta faɗuwa ya dinga yi. Ku ji fa! Matar da ta yi rawa a gaban dubban mutane, keken tura kayan miya ne ya firgita ta. Dalili kuwa ta shekara da shekaru ba ta taɓa sayen ko albasa da hannunta ba. Amma ta ce tana fitowa ta ji wani irin daɗi.

Girki ma sai da ta ci kwakwa. Ta ce kafin aure iliminta bai wuce shayi da wainar ƙwai ba. Wata rana ta tashi burge miji da jatan lande mai kayan yaji, ba ta san wanda ake sayarwa a can an riga an dafa shi ba. Ta ƙara masa wuta, ya fito kamar roba. Shi kuwa Dakta gwani ne a kicin, ita da kanta ta yarda ya fi ta iyawa.

To, sai batun fita cin abinci, wanda a ganinmu nan ne ribar tafiyar take. A Mumbai tauraruwa kamar Madhuri ba ta isa ta zauna a gidan abinci ta ci cikin natsuwa ba. Kafin a kawo ruwa an yi mata zobe. A Amurka kuwa dokar ɗaya ce ga kowa. Ka bugo waya ka kama tebur, in ba ka yi ba ka ba da sunanka a ƙofa ka jira. In an gama, ka ajiye wa mai kawo abincin tukuici, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abin da ka ci, ragowar kuma a zuba maka a kwali ka tafi da shi gida, babu kunya. Baturen da ke teburin kusa bai san wata "Dhak Dhak" ba, wata Ba'indiya kawai ya gani da mijinta da 'ya'yanta. Ta sha faɗa cewa wannan 'yancin, na ta shiga inda ta ga dama, shi ne abin da ta fi morewa.

Ba wai an manta da ita gaba ɗaya ba. Indiyawan garin kan gane ta a kanti, su raɗa mata tambaya ko ita ce. Wasu ma har mota suke ɗaukowa su yi ta zagaya layinsu, har maƙwabta suka fara tambayar ko a kira 'yan sanda.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Bayan Devdas na 2002, inda ta fito a Chandramukhi tare da Shah Rukh Khan da Aishwarya Rai, ta yi shekara biyar ba a gan ta a fim ba. Da ta dawo da Aaja Nachle a 2007, an yaba rawarta, amma fim ɗin bai yi kasuwa ba. 'Yan kallo ba sa jira. Kafin ta waiwayo, su Preity Zinta, Rani Mukerji da Kareena Kapoor sun cika gurbin. Mu nan mun san wannan, don mun ga yadda 'yan wasanmu mata ke yin aure su bar harkar, kafin shekara ta zagayo an fara yayin wata.

A 2011 iyalin duka suka koma Mumbai, Dakta ya bar aikinsa na Denver ya biyo ta. A 2014 ta fito a Dedh Ishqiya da Gulaab Gang, a 2022 ta yi The Fame Game a Netflix, sannan Bhool Bhulaiyaa 3 a 2024. Dakta kuma ya buɗe tasha a YouTube, inda aka sha ganin su biyun a kicin, shi da ludayi a hannu, ita tana taya shi yanka albasa.