Ta Yaya Jirgin Alminiyum Ya Rushe Benen Ƙarfe?



A hutun da ya wuce yayana ya nuna mana wani bidiyo a wayarsa, inda wani mutum yake rantsuwa cewa ba jirgin sama ne ya rushe dogayen benayen nan biyu na birnin New York a Amurka ba, ranar 11 ga Satumba 2001. Hujjarsa biyu ce. Ya ce jikin jirgi alminiyum ne, irin na tukunya, ba zai yanka ƙarfe ba. Ya kuma ce wutar man jirgi ba ta narkar da ƙarfe. Da farko na yarda da shi, don maganar ta shiga kunne. Sai da na kai tambayar wurin malaminmu na kimiyya, ya sa ni na yi lissafin da kaina.

Mu fara da ta farko. Duk wanda ya taɓa faɗawa gulbi da ciki daga kan gaɓa ya san ruwa yana mari, alhali ruwa ne. Harsashin darma ma ya fi ƙarfe taushi, amma yana huda kwano. Ashe ba taurin abu kaɗai ake dubawa ba, ana duba nauyinsa da gudunsa. Kuma gudun ya fi muni: idan ya ninka sau 2, ƙarfin bugun yana ninkawa sau 4 ne.

Ga lissafin. Ƙaramar mota nauyinta tan 1 ne da 'yan kai, a ce tana gudun kilomita 100 a awa a hanyar Argungu zuwa Birnin Kebbi. Jirgin da ya bugi bene na biyu, ƙirar Boeing 767, ya haura tan 100, gudunsa kuma wajen kilomita 900 a awa. Wato ya ninka motar sau 9 a gudu. 9 sau 9 ya ba da 81. A ninka da nauyin, sai ka samu kamar motoci 8,000 sun daki wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Sau uku na sake wannan lissafi, don na ɗauka kuskure na yi. Jirgin ya ragargaje, gaskiya ne, amma ya tsinka ginshiƙai da yawa kafin nan.

A ƙasarmu ma an ga ɓarnar jirgi. Ranar 4 ga Mayu 2002 jirgin kamfanin EAS ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zai tafi Legas, bai yi nisa ba ya faɗa kan gidaje a unguwar Gwammaja. Mutum fiye da 100 suka rasu, wasu a cikin jirgin, wasu a gidajensu. Allah Ya jiƙansu. Wannan jirgi bai kai rabin nauyin Boeing 767 ba, kuma tashinsa ke nan, bai ɗauki gudu ba.

Hujja ta biyu fa? A nan mai bidiyon ya faɗi rabin gaskiya. Ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,500, kuma wutar man jirgi, wanda ɗan'uwan kananzir ne, ba ta kaiwa can. To amma wa ya ce sai ya narke? Ku je maƙera ku tsaya. Maƙeri ba ya mai da ƙarfe ruwa kafin ya ƙera lauje ko fartanya. Yana zuga wuta har ƙarfen ya yi ja, ya yi laushi, sai ya lanƙwasa shi yadda yake so. A wajen digiri 600 ƙarfen gini ya riga ya rasa kusan rabin ƙarfinsa.

Abin da masu bincike na gwamnatin Amurka suka bayyana a rahotonsu na 2005 ke nan. Bugun ya kankare abin da aka lulluɓe ƙarafan da shi don kare su daga zafi. Man jirgin ya kunna wa kujeru da takardu da sauran kayan ofis wuta. Daɓen hawa-hawan ya lotsa, ya jawo ginshiƙan waje ciki, har suka kasa ɗaukar hawan da ke sama.

Ku lura kuma, benayen masu hawa 110 ba nan take suka faɗi ba. Na arewa ya yi minti 102 a tsaye yana ci da wuta. Na kudu, wanda aka buga a ƙasa-ƙasa, kaya mafi nauyi na kansa, minti 56 kawai ya yi.

Na kai wa yayana takardar lissafin. Ya yarda da maganar gudu, amma ya ce ta wuta sai ya gani da idonsa. Mun yi alkawari ranar kasuwa za mu je maƙera tare.