Gajeriyar Hanyar Shiga Jami'a: Ribarta da Haɗarinta

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya bi Titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi, ko ya kutsa cikin unguwar Tarauni, zai ga alluna da takardu manne a bango suna kiran waɗanda suka gama sakandare su zo su yi karatun share fage, wai su shiga jami'a daga aji biyu. Iyaye da yawa, musamman ma'aikatan gwamnati masu ƙidayar kwanakin albashi, sukan tsaya su karanta, domin kuwa rage shekara guda a jami'a ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A zamanin da, ɗalibi mai ƙwazo yakan zarce aji shida a sakandarensa, ya yi shekara biyu, ya ɗauki jarrabawar HSC, sa'an nan ya yi digiri cikin shekara uku. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a cikin shekarar 1982, sai aji shida irin na da ya shuɗe, nauyin ya koma kan makarantun share fage, irin su kwalejin nan ta Kano da jama'a suka fi sani da CAS.

A yau manyan hanyoyin biyu ne. Ta farko ita ce jarrabawar IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take gudanarwa tun 1976. Ta biyu kuwa JUPEB ce, wadda wasu jami'o'i suka kafa a 2014 bisa jagorancin Jami'ar Legas. A kowacce ɗalibi yakan karanta darussa uku na kimanin shekara guda. In ya ci, sai ya sayi takardar shiga kai tsaye ta hukumar JAMB, ya nemi gurbi a aji biyu.

A Amurka abin ya ɗan bambanta. Can ɗan ajin ƙarshe na sakandare yakan je kwalejin shekara biyu ta garinsu ya ɗauki wasu darussa tun bai bar makaranta ba, a ajiye masa makin har ranar da ya shiga jami'a. Jihar Minisota ta yi dokar haka a 1985, kuma gwamnatin jihar ce take biyan kuɗin karatun. Mu kuwa a nan sai yaro ya kammala sakandare, ya sami kiredit biyar har da Turanci, kuma daga aljihun uba kuɗin yake fita.

To, amma sauri ya kan haifi nawa. A cikin 2023 hukumar JAMB ta bayyana cewa daga cikin takardun sakamako 148 da aka binciko na masu neman shiga Jami'ar Bayero kai tsaye, shida kaɗai ne na gaskiya. Wanda aka kama da takardar jabu ya yi asarar kuɗi da shekaru da mutunci, ko da kuwa yaudararsa aka yi. Har ila yau guraben aji biyu ba su kai na aji ɗaya yawa ba, saboda haka cin jarrabawar bai zama tabbacin samun shiga ba.

Don haka kafin uba ya zare kuɗinsa, ya kamata ya tabbatar cewa hukumar jarrabawar ta amince da cibiyar, ya kuma bincika ko darussa ukun sun dace da fannin da yaron yake nema. Shi kuma ɗalibi ya sani cewa aikin aji ɗaya na jami'a ne zai ɗauka cikin 'yan watanni. In harsashinsa ba shi da ƙarfi, a aji biyu zai gane kurensa.

Hukumomin ilmi na Jihar Kano su ma suna da abin dubawa: ko ba za a buɗe wa haziƙan 'yan ajin ƙarshe ƙofar kwalejojinmu ba, tun suna sakandare?