Bunsuru Biyu, Tarkon Ɓera da Kwalbar Jini: Abubuwan Mamaki Game da Kafara a Addinin Kirista

Duk Kiristan da ka tambaya dalilin mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye, amsar kusan ɗaya ce: jininsa hadaya ce da ta ɗauke zunubin 'yan Adam, an yi ta sau ɗaya tak, ba za a sake ba. Amma ka ƙara tambaya, ka ce ta yaya jinin ya yi wannan aiki, nan ne zance ke rabuwa. Shekara kusan dubu biyu ke nan malamansu suna kai ruwa rana a kai, kuma a kan hanya an bar abubuwan da ke sa mutum riƙe baki.

Tushen zancen yana cikin Littafin Firistoci, sura ta 16. A Ranar Kafara, sau ɗaya a shekara, Bani Isra'ila kan kawo bunsuru biyu a jefa musu ƙuri'a. Wanda ƙuri'ar Ubangiji ta faɗa wa a yanka shi, babban firist ya shiga Wuri Mafi Tsarki ya yayyafa jininsa. Ɗayan kuwa firist ya ɗora hannuwa a kansa, ya lissafa laifofin jama'a, a kora shi jeji. Wato wanda ya ɗauki kayan zunubin ba shi ake yankawa ba, da ransa yake tafiya. Sai dai littafin Mishna na Yahudawa ya nuna daga baya akan kai shi bakin wani tsauni ne a tunkuɗa shi ƙasa. Ba a ga laifinsu ba, wa zai so ya wayi gari ya tarar da zunubin bara yana kiwo a ƙofar gidansa?

Shi wannan littafin da ya cika da zancen jini, a sura ta 5 ya yi wa talaka rangwame. Wanda ba shi da halin tunkiya ya kawo kurciya biyu, wanda ko kurciyar ta gagare shi ya kawo ɗan gari mai laushi, a gafarta masa ba tare da an zubar da ko ɗigon jini ba.

Masu wa'azi da yawa kan ce ana ɗaura wa babban firist igiya a ƙafa, don in ya mutu a cikin Wuri Mafi Tsarki a jawo gawarsa. Labarin da daɗin ji, amma babu shi a Littafi Mai Tsarki, babu shi a Talmud na Yahudawa. A wani littafinsu mai suna Zohar na ƙarni na 13 ya ɓulla, fiye da shekara dubu bayan Romawa sun rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70. Rushewar nan ce ta kawo ƙarshen yankan hadaya a wurin Yahudawa. Samariyawa ne, waɗanda yau ba su kai mutum dubu ba, har gobe suke yanka tumakin Idin Ƙetarewa a kan Dutsen Gerizim kusa da Nablus.

Sai babbar tambaya: in mutuwar Almasihu fansa ce, wa aka biya? Malamai da dama na farkon zamani, irin su Origen, suka ce Shaiɗan aka biya, tunda shi ke riƙe da mutane. Gregory na Nyssa ya ƙara gishiri, ya ce jikin Yesu shi ne abincin da aka saƙala a ƙugiya, allahntakarsa ita ce ƙugiyar, Shaiɗan ya haɗiya ya maƙale. Augustine ya ce gicciye tarkon ɓera ne. Abokin Gregory ɗin, Gregory na Nazianzus, ya ce atafau, ina aka taɓa biyan ɗan fashi ladan fashinsa? Duk da haka zancen tarkon ya daɗe. Akwai wani zane da aka yi a ƙasar Beljiyam ta yau wajen shekarar 1427, yana New York yanzu, inda aka nuna Yusufu masassaƙi, mijin Maryamu, zaune a shagonsa da tarkunan ɓera da ya ƙera.

Wajen 1098 Anselm, babban limamin Canterbury a Ingila, ya ture wannan duka. Ya ce Shaiɗan ba ya bin kowa bashi, girman Allah aka taɓa, kuma laifin ya fi ƙarfin ɗan Adam ya biya, alhali ɗan Adam ne ya wajaba ya biya, don haka sai wanda yake Allah kuma mutum. Ba a daɗe ba Peter Abelard na Faransa ya ce shi bai ga ciniki a nan ba, ƙauna ce aka nuna don zukata su karyo. John Calvin a ƙarni na 16 ya mai da abin zauren shari'a: hukuncin da ya hau kan mai laifi ne wani ya ɗauka a madadinsa. Wannan fahimtar ce aka fi ji yau a wa'azin majami'un bishara. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, manyan tarukan ikilisiya na farko, irin na Nikiya a 325, sun yi ta yanke hukunci a kan wane ne Yesu, amma ba wanda ya tsayar da ɗaya daga cikin waɗannan bayanai ya ce shi kaɗai ne daidai. Gardamar ba ta mutu ba. A 2013 kwamitin littafin waƙoƙi na cocin Presbyterian a Amurka ya ajiye wata shahararriyar waƙa, saboda marubutanta sun ƙi yarda a sauya baitin da ke cewa mutuwar Yesu ta biya fushin Allah.

Zancen jinin ya jawo wa Kiristoci fitina ma. A ƙarni na biyu Romawa sun ji ana cewa Kiristoci na taruwa a ɓoye su ci jiki su sha jini, sai suka ɗauka mayu ne masu cin naman mutum. Wannan zargi na cikin abin da aka jefa wa waɗanda aka kashe a birnin Lyon a 177. Alhali gurasa ce da ruwan inabi na Jibin Ubangiji, waɗanda suke kira jiki da jinin Almasihu.

Ƙoƙon ruwan inabin nan ya ja yaƙi. A Turai an wayi gari limamai kaɗai ke sha, jama'a sai gurasa, ɗaya daga dalilan da ake bayarwa shi ne tsoron kada a zubar da jinin a ƙasa. Taron ikilisiya na Konstanz ya tabbatar da haka a 1415, ya kuma ƙone Jan Hus na ƙasar Bohemiya a wannan shekarar. Mabiyansa suka zana ƙoƙo a tutocinsu, suka fatattaki rundunonin da aka yi ta aiko musu, har aka sallama musu ƙoƙon a 1436.

A Amurka kuwa damuwar daban ce. Thomas Welch, likitan haƙori ɗan ɗarikar Methodist mai ƙyamar giya, ya gano a 1869 cewa in aka dafa ruwan inabi aka rufe ba zai zama barasa ba. 'Yan cocinsa ba su wani ɗauka ba, ɗansa Charles ne ya mai da abin kasuwanci, kamfanin Welch's na nan har yau. Ita kuwa ƙungiyar Salvation Army, wadda take rubuta jini da wuta a tutarta, ta daina Jibin Ubangiji gaba ɗaya tun 1883, tunda da yawa daga tubabbunta tsofaffin mashaya ne.

A 1343 Fafaroma Clement na Shida ya ce ɗigo ɗaya na jinin Almasihu ya isa ya fanshi duniya, rarar kuwa ta zama taska a hannun ikilisiya. A kan wannan taska aka dogara wajen ba da takardun sassauta azaba, waɗanda daga baya suka zama haja. Suna cikin abubuwan farko da aka buga da injin Gutenberg a 1454, su ne kuma suka tunzura Martin Luther a 1517. Fadar Fafaroma da kanta ta haramta haɗa su da kuɗi a 1567.

Wata gardamar sai malamai. A 1462 'yan ɗarikar Franciscan da na Dominican suka sa zare a kan jinin da ya zuba a ƙasa ranar gicciye: a kwana ukun da Almasihu ya yi a kabari, yana nan haɗe da allahntaka ko ya rabu? An yi muhawara a gaban Fafaroma Pius na Biyu. A 1464 ya hana kowane ɓangare kiran ɗan'uwansa ɗan bidi'a, bai ce wane ne ya yi gaskiya ba.

A Bruges ta Beljiyam akwai wata 'yar kwalba da ake cewa tana ɗauke da jinin Almasihu, duk shekara ana zagaya gari da ita, UNESCO ma ta sa bikin cikin al'adun duniya a 2009. A Wilsnack ta Jamus, bayan an ƙone ƙauyen a 1383, aka ce an tsinci gurasar Jibin Ubangiji uku da tabon jini, nan da nan wurin ya zama matattarar masu ziyara, har wani fasto mabiyin Luther ya cinna musu wuta a 1552. Masana kimiyya suna da nasu zato game da irin wannan tabo. A 1819 tuwon masara ya riƙa yin ja kamar jini a gidajen manoma kusa da Padua ta Italiya, wani mai haɗa magani, Bartolomeo Bizio, ya gano wata ƙwayar halitta ce da ke son abinci mai sitaci a lokacin zafi da laima. Serratia marcescens ake kiranta.

Tsuntsun nan kwasakwasa ma ya samu shiga. Turawan zamanin da sun ɗauka uwar kan fasa ƙirjinta ta shayar da 'ya'yanta jini, sai suka mai da ita alamar Almasihu. Ba ta yin haka ko kusa, amma tana nan a tutar jihar Louisiana ta Amurka da ɗigon jini uku a ƙirji.

Wai an gama hadaya, amma a Armeniya har yau Kiristoci na kai rago ko zakara harabar coci, firist ya sa wa gishiri albarka, a yanka, a dafa da ruwa da gishirin, a raba wa mabukata. Matagh suke ce masa, cocinsu kuma na nanata cewa sadaka ce da godiya, ba wankin zunubi ba. A nan sun yi kusa da Musulmi, domin Alƙur'ani a Suratul Hajji ya bayyana cewa taƙawar mai yanka ce ke isa ga Allah, ba nama ko jini ba. A kan asalin aƙidar kuwa hanya ta rabu sarai: Musulunci ya ce ba a gicciye Annabi Isa (AS) ba, kuma ba mai ɗaukar laifin wani.

A ƙauyen San Pedro Cutud na ƙasar Filifin, duk Jumma'ar da ke gabanin Ista sai an kafe wasu mutane da ƙusoshi na gaske a kan gicciye, don tuba ko cika alwashi. Ruben Enaje, mai sana'ar fenti, ya fara a 1986 bayan ya faɗo daga bene ya tsira, an kuma kafe shi fiye da sau 30. Limaman Katolika na ƙasar sun sha cewa ba koyarwarsu ba ce, a daina. Ma'aikatar lafiya kuwa da ta ga ba za a daina ba, sai ta koma ba da shawarar a yi allurar rigakafin cutar sarƙe-haƙora, a kuma tsabtace ƙusoshin kafin a buga.