Jarin Falke Yana Cikin Kansa: Hawan Jini da Gigin Tsufa

 A wannan fitowa mun ajiye zancen farashi da kuɗin fito, za mu yi magana a kan lafiyar mai shanun shi kansa.

Kowa ya san sana'armu sana'ar kai ce. Tun zamanin da kasuwar Muwailih, ta yammacin Umdurman, take cika ta batse da shanun Darfur da Kurdufan, yawancin cinikinmu da baki ake ƙulla shi. Mutum zai riƙe a kansa bijimai nawa ya ba wane bashi, nawa aka biya, nawa ya saura, wane ne ya tsaya lamuni, wato damin, da kuma lambar da ke jikin kowace saniya da gidan da ta fito. Ran da wannan kai ya rikice, jarin shekara talatin yana iya salwanta ba tare da ɓarawo ya shiga gida ba. Duk wanda ya daɗe a kasuwa ya ga irin haka: dattijon da a da ake zuwa wurinsa raba gardama, ya wayi gari bai gane ɗansa ba, masu bin sa bashi sun taru, waɗanda yake bi kuma sun yi shiru.

Wannan ciwo shi muke kira gigin tsufa ko ruɗewa, Larabawan nan su ce kharaf. Mun saba cewa ai tsufa ne, babu yadda za a yi. To, abin da likitoci suka gano shi ne, a wurin mutane da yawa ba a tsufa ciwon yake farawa ba. Tun mutum yana tsakanin shekara 40 zuwa 60 ake shuka shi, kuma ta hanyar zuciya da jijiyoyin jini yake shigowa.

Yadda zuciya take ciyar da ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikin mutum ba, amma ita kaɗai take cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jini yake ɗaukowa daga huhu. Kuma ba ta da rumbu, ba ta ajiye guzuri. Abin da zuciya ta turo mata yanzu, shi za ta ci yanzu.

Waɗanda suka san gonakin Jazira za su gane wannan da sauri. Ruwa yana tasowa daga madatsar Sinnar, ya bi babbar magudana, ya rarrabu zuwa ƙanana, har ya kai abu ishrin da abu sitta masu shayar da gona. In ƙaramar magudana ta cushe da laka, babbar tana nan cike da ruwa, amma gonar da ke ƙarshe ta bushe. Haka jijiyoyin cikin ƙwaƙwalwa suke, wasu sun fi gashin kai siranta. Idan jini yana bugun su da ƙarfi shekara da shekaru, sai bangonsu ya yi kauri ya sandare, ramin ya tsuke, wasu su toshe. Duk wadda ta toshe, ɗan wurin da take ciyarwa ya mutu. Mutum ba ya jin komai, yana cin kasuwarsa, ɓarnar kuwa tana taruwa kaɗan-kaɗan, sai bayan shekara 20 ko 25 ta fito fili. In kuma babbar jijiya ce ta toshe ko ta fashe, shi ne shanyewar ɓarin jiki, wanda shi ma yakan bar mutum da ruɗewa. Ciwon sukari, da yawan kitse a cikin jini wanda likitoci ke kira kolestarol, da taba, duk wannan ɓarnar suke yi wa jijiyoyi.

Abin da bincike ya nuna

A birnin Landan, tun shekarar 1985 ake bin lafiyar ma'aikatan gwamnati sama da 10,000, ana auna su lokaci-lokaci har suka tsufa. A 2018 masu binciken suka bayyana cewa waɗanda lambar sama ta awon jininsu ta kai 130 ko ta wuce lokacin suna shekara 50, haɗarin gigin tsufa a gare su ya ɗara na sauran da kusan kashi 40 cikin 100. Wato inda mutum 10 za su kamu, su sai a sami wajen 14. Abin lura, da aka duba awon da aka yi musu suna shekara 60 da 70, ba a ga wannan alaƙa ba. Ma'ana, daɗewar da jijiya ta yi tana shan bugu ita ce matsalar.

Kada wani ya ce ai wannan ciwon Turawa ne. Tun 1992 likitocin Jami'ar Ibadan da takwarorinsu na birnin Indiyanafolis a Amurka suka fara kwatanta tsofaffin Yarabawa da tsofaffin baƙaƙen fatar Amurka. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna masu kamuwa a kowace shekara a Ibadan ba su kai rabin na Amurka ba, kuma a lokacin hawan jini da ciwon sukari da kitsen jini sun fi ƙaranci a Ibadan. Amma ko a cikin Yarabawan, daga baya an gano masu hawan jini sun fi kamuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan ciwo sun kai miliyan 57 a 2021, fiye da kashi 60 cikin 100 kuma suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, irin namu. A nan Sudan, binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2016 ya sami kusan mutum ɗaya cikin kowane baligai uku da hawan jini.

Labari mai daɗi daga ƙasar Sin ya fito. An ɗauki ƙauyuka 326 da mutane kusan 34,000 masu hawan jini, 'yan shekara 40 zuwa sama. A rabin ƙauyukan aka koya wa ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba manyan likitoci ba ne, su riƙa auna jini suna ba da magani har ya sauka ƙasa da 130 bisa 80. Bayan shekara 4, kamar yadda aka bayyana a 2025, masu kamuwa da gigin tsufa a waɗannan ƙauyuka sun ragu da kashi 15 cikin 100. Haka zalika a 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 waɗanda in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na wannan ciwo. Hawan jini, da sukari, da kitsen jini, da ƙiba, da taba, da rashin motsa jiki duk suna ciki, tare da raunin ji da buguwar kai.

Sai dai a fahimta, ba duk mai hawan jini ne zai ruɗe ba, kuma akwai wanda jininsa lafiya lau amma ya ruɗe, domin yawan shekaru da gado su ma suna da nasu rabon. Waɗannan ba a hannunmu suke ba. Zancenmu a kan abin da ke hannunmu ne.

Rayuwar falke bayan arziki ya zo

Mu dubi kanmu. Yaro mai kora yakan tako da shanu daga Niyala zuwa Umdurman, tafiyar kusan wata biyu, abincinsa asida da madara, babu kitse ko kaɗan a jikinsa. Da Allah ya buɗa masa ya zama maigida, sai ya koma zaman rumfa daga hantsi har la'asar. Mota ce ke kai shi, waya ce ke yi masa ciniki. Duk baƙon da ya zo sai an aika wurin mai shayi, kowane kofi da cokali uku na sukari, kafin yamma ya sha shida ko bakwai. Ciniki ya faɗa, sai a nufi wurin masu shayya, ko a sayo agashe, wanda kakanninmu Hausawa suka kawo ƙasar nan, a zaɓi mai kitse a barbaɗe da gishiri. Ga tumbak a leɓe ko sigari a hannu. Tumbi ya fito, sai a ce hutu ne. Ga kuma rashin barci da tunanin bashi da na kan iyaka.

Daɗin daɗawa, yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu, 2023, ya watsa kasuwanni, ya rufe asibitoci da yawa, ya raba mutane da gidajensu. Da yawa daga cikin masu shan maganin hawan jini ko na sukari sun katse a lokacin gudun hijira, wasu har yau ba su koma ba, suna cewa ai ba sa jin komai. To, hawan jini dama ba a jin sa. Ciwon kai ko jiri ba su ne ma'auni ba, na'ura ce kaɗai take faɗa.

Abin da ya kamata mu yi

Na farko, awo. Duk wanda ya kai shekara 40 ya auna jininsa aƙalla sau ɗaya a shekara. Lafiyayyen awo bai wuce 120 bisa 80 ba. In an auna a ranaku biyu daban-daban aka sami 140 bisa 90 ko fiye, hawan jini ne, sai a ga likita. In kuma yana tsakanin biyun, kashedi ne, a gyara ci da sha a riƙa dubawa. A zauna a huta minti 5 kafin awo, ba bayan an gama kokawa da bijimi ko cacar baki da dillali ba. A haɗa da gwajin sukari da na kitsen jini. Babu abin da zai hana kowane mai masauki ya ajiye na'urar awo mai batir ɗaya domin baƙinsa.

Na biyu, magani. Wanda aka ɗora a kan ƙwaya, kullum ake sha. Saukar jini alama ce maganin yana aiki, ba alamar an warke ba. Mai tafiya Masar ko Cadi ya ɗauki abin da zai ishe shi har da rara, ya kuma rubuta sunan ƙwayar a takarda, don in ta ƙare a hanya ya sami irinta. In azumi ya ƙarato a tambayi likita yadda za a sauya lokacin sha. Ƙaho da karkade, wato zoɓo, ba sa maye gurbin magani. Zoɓo marar sukari ba laifi, amma abin sha ne. Kuma a yi hattara da ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye barkatai a kasuwa, domin wasunsu suna ɗaga jini suna cutar da ƙoda.

Na uku, baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke cikin magi da burodi da cuku. Muna auna wa shanu gishiri da kanwa, mu kuwa namu babu awo. A rage sukarin shayi a hankali har baki ya saba. A yanke kitse daga nama, a yawaita ful da wake da ganye da dawa. Tumbak da sigari kuwa babu wani awo nasu mai kyau, bari ne kawai.

Na huɗu, ƙafa. Tafiyar minti 30 da ɗan sauri, kwana biyar a mako, ta wadatar. Maigida ya tashi ya zaga garkensa da kansa bayan asuba, ya ga dabbobinsa, ya kuma yi wa zuciyarsa aiki. Mai hawa babur ya sa hular kwano, wanda kuma jinsa ya fara raguwa ya je a duba kunnen.

In alamun sun riga sun fito

Mantuwar ina aka ajiye carbi ko sunan wani baƙo ba ita ce gigin tsufa ba, kowa yana yi. Abin da za a sa wa ido shi ne mutum ya riƙa maimaita tambaya ɗaya a zama ɗaya, ko lissafin da ya saba yi da ka ya gagare shi, ko ya ɓace a unguwar da ya sani, ko halinsa ya sauya ya fara zargin iyalinsa da sata. Wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba sammu ba ne, ba kuma hauka ba. A kai shi wurin likita, domin akwai cututtukan da suke kama da shi kuma suna da magani. Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da gigin tsufa ba, amma kula da jini da sukari yana rage wa ɓarnar gudu. In kuwa baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, a garzaya asibiti a wannan sa'ar, kada a jira gari ya waye.

Irin wannan dattijo haƙuri da girmamawa yake bukata. Kada a yi masa dariya, kada a ɗaure shi, kada kuma wani ya ci amanarsa don ya ga ya manta. Mu kuma da hankalinmu yake tare da mu, mu rubuta bashi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Kowane falke ya ajiye littafi, ya kuma sanar da babban ɗansa ko amininsa abin da yake bi da abin da ake bin sa.

Ba mu sayen sa sai mun duba haƙorinsa da kofatonsa, mun kewaya shi mun tabbatar da lafiyarsa. Jikin da zai ɗauke mu zuwa tsufa ya fi cancantar wannan dubawa, kuma ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda yake shekara 45 ko 50 yau, makon nan ya kamata ya je awo.

Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, ya bar mu da hankalinmu har ƙarshen rayuwa, ya kuma zaunar da ƙasar nan lafiya. Wassalam.