Satar kaya a ƙofar gida a Amurka: me alƙaluma ke cewa?

A Amurka, idan mutum ya sayi kaya ta intanet, mai kawowa kan ajiye kwalin a bakin ƙofa ya wuce, ko da babu kowa a gida. Kafin mai gida ya taso daga aiki, kwalin ya yi awanni a fili. A wannan tsakani ne ɓarawo ke cin kasuwarsa.

Yawan kayan da ake aikawa

Kamfanin Pitney Bowes, mai bibiyar harkar aika kaya, ya ce an aika ƙunshi biliyan 21.2 a Amurka a 2022, wato kimanin miliyan 58 a kowace rana. Duk wani adadi na sata, da wannan ya kamata a auna shi.

Yawan abin da ake sacewa

Nan bakin masu lissafi ya rabu. A 2019 jaridar New York Times ta ruwaito cewa ƙunshi miliyan 1.7 ne ke salwanta kullum a faɗin ƙasar, 90,000 daga ciki a birnin New York kaɗai. Kamfanin SafeWise ya ƙiyasta an sace miliyan 260 a 2022, sannan miliyan 119 a 2023. Ofishin babban sufeton hukumar gidan waya kuma ya ce aƙalla miliyan 58 a 2024.

Dalilin saɓanin

Lissafin jaridar ya haɗa wanda aka sace da wanda ya ɓace a hanya. Na SafeWise daga tambayar jama'a ya fito: a tambayi mutane kaɗan, a ninka amsarsu a kan al'ummar ƙasa, kuma harkar kayan tsaron gida ce sana'ar kamfanin. 'Yan sanda kuwa galibi cikin sauran ƙananan sace-sace suke jefa wannan laifi, ga shi mutane da dama ba sa kai ƙara, tunda mai sayarwa kan mayar musu da kuɗi ko ya sake aiko da kayan.

Ko an ɗauki miliyan 260, ƙunshi ɗaya ne da 'yan kai cikin ɗari. Sai dai wanda aka ɗauke wa maganin da likita ya rubuta masa bai damu da ƙanƙantar kason ba. Kuɗin da kamfanoni ke mayarwa kuma a farashin kaya yake komawa, kowa ya biya.

Matakan da aka ɗauka

Dokar tarayya ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara biyar ga mai satar saƙon gidan waya, amma ba ta rufe kayan da kamfanoni masu zaman kansu suka ajiye ba. Jihar Texas ta toshe wannan giɓi a 2019: satar kaya daga adireshi 10 zuwa sama ta zama babban laifi. Kamfanin Amazon ya fara kafa akwatunan ajiya masu kulle a 2011, birnin New York ya buɗe nasa na jama'a a 2024.

Kyamara shaida take bayarwa bayan an yi ɓarna, hukunci kuma sai an kama mutum. Abin da ke hana satar tun farko shi ne kada kwalin ya zauna a waje: a karɓa hannu da hannu, a bar wa maƙwabci amintacce, ko a tura shi akwati mai kulle. Wanda aka yi wa sata kuma ya daure ya kai rahoto, domin sai da ƙidaya ta gaskiya hukuma za ta san unguwar da ta fi buƙatar ɗauki.